Shagon kwafe tsofaffin kaset a Maraɗi da ɗakin tarihin silima da ke bayansa

A Maraɗi akwai gidaje da yawa da har yanzu ake ajiye kaset-kaset na bidiyo a ƙasan akwati ko a saman kabad, waɗanda aka ɗauka a bukukuwan aure da suna da saukar Alƙur'ani da dawowar alhazai tun shekarun 1980 da 1990, alhali kuwa babu ko na'ura ɗaya a gidan da za ta iya kunna su. Shagon da zan yi bayani a kansa yana cikin ƴan tsirarun wuraren da suka rage inda ake karɓar irin waɗannan kaset a mayar da abin da ke cikinsu kan filas ko katin waya. Yana wani layi da ke kusa da babbar kasuwa, cikin jerin masu gyaran rediyo da talabijin, kuma ba shi da wani allo mai ɗaukar ido, sai dai tarin tsofaffin akwatunan talabijin da aka jera a bakin ƙofa. Na kai masa kaset-kaset na gidanmu, na zauna na ga yadda ake aikin, sannan mai shagon ya shigar da ni ɗakin baya inda ya tara kayan silima da na talabijin na shekaru masu yawa. Hukuncina shi ne aikin kwafewar ya cancanci kuɗin da ake biya, amma ɗakin bayan nan ya fi aikin daraja, kuma shi ne ya fi bukatar a kula da shi.

Mai shagon dattijo ne da ya fara sana'a a matsayin yaron mai haska fim a ɗaya daga cikin gidajen silima marasa rufi da aka yi a garin, kafin ya koma gyaran talabijin da bidiyo lokacin da gidajen suka fara mutuwa. Wannan asali nasa yana bayyana tun daga yadda yake karɓar kaset. Ba ya jefa shi cikin na'ura kai tsaye. Yakan danna ɗan maɓallin da ke gefe ya ɗaga murfin gaba, ya karkata zaren zuwa hasken ƙofa don ya ga ko ya yamutse ko ya tsinke, sa'an nan ya leƙa ta tagar roba ya duba naɗin. Ɗaya daga cikin kaset ɗinmu yana da fararen ɗige-ɗige a saman naɗin, waɗanda ni ban ɗauke su komai ba sai ƙura. Ya ajiye shi gefe guda ya ce, “Malam, wannan fumfuna ce. Idan na sa shi haka a injin, zai toshe kan da ke karanta hoto, ya kuma shafa wa kaset ɗin mutumin da zai biyo bayanka.” Yana da wata na'ura da ya cire wa murfi, wadda ba ya kallon komai da ita, aikinta kawai ta riƙa juya zaren a hankali yayin da yake riƙe da ɗan tsumma mai laushi da aka ɗiga wa alkol yana goge shi daga farko har ƙarshe. Inda zaren ya tsinke, yakan kwance kusoshin kaset ɗin, ya yanke gurin da ya lalace, ya haɗa bakin biyu ta bayan zaren, ya kuma faɗa wa mai kaya tun kafin ya fara cewa za a rasa daƙiƙu kaɗan a wurin.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili mai ƙarfi. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, shekara guda bayan Sony ya fito da nasa tsarin mai suna Betamax, kuma kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna kaset, wato Funai, ya dakatar da ƙera ta a 2016. Ma'anar wannan ita ce duk na'urar da ta mutu a yau ba za a samu sabuwa a madadinta ba, sai dai a ciro kaya daga wata matacciya a raya ta. Gangar da ke ɗauke da kawunan karanta hoto tana juyawa sau 1,500 a minti ɗaya, zaren kuma yana shafar ta kai tsaye, don haka ƙazanta kaɗan ta isa ta ɓata hoto ko ta cinye kan baki ɗaya. Robobin da ke jan zaren su ma suna bushewa su tsage a zafin ƙasarmu. Dattijon yana da kwali cike da irin waɗannan robobi da ƙananan ƙafafu da ya kwance daga na'urorin da mutane suka zubar, kuma da su yake riƙe da injinan da suka rage masa.

Abin da ya fi burge ni a ɓangaren sana'ar shi ne ya san matsalar launi, wadda ta shafi Maraɗi fiye da garuruwa da dama saboda kusancinmu da iyaka. Nijar ta bi tsarin talabijin na Faransa da ake kira SECAM, Najeriya kuwa ta bi tsarin PAL da aka ƙirƙiro a Jamus. Duka biyun suna da layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa, amma hanyar da kowanne ke ɗaukar launi daban ce, shi ya sa idan aka kunna kaset na tsari ɗaya a na'urar da ta san ɗayan kawai, hoton yakan fito baƙi da fari. Manya za su tuna lokacin da ake sayo kaset daga Kano ko Katsina ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, a zo gida a tarar babu launi, har sai da talabijin da bidiyo masu karɓar tsari da yawa suka cika kasuwa. A cikin kwali guda na gida ɗaya ana iya samun kaset da aka ɗauka da kyamarar da ta zo daga Najeriya, da wanda aka ɗauka da ta Faransa, da wanda aka naɗa kai tsaye daga shirin Tele Sahel, tashar talabijin ta Nijar. Masu kwafewa da ba su san wannan ba sukan miƙa wa mutum bikin iyayensa babu launi, su ce masa tsufa ne ya cinye shi. A nan kuwa ana gwada kowane kaset, a zaɓa masa injin da ya dace da shi. Bikin wata gwaggona da aka ɗauka a farkon shekarun 1990 ya fito da launinsa, har ana iya bambanta zanen atamfar da ƙawayen amarya suka yi anko da ita.

Kada wanda zai kai kaya ya sa ran hoto irin na wayar zamani. VHS bai taɓa zama mai kaifi ba, kuma yawancin kaset ɗin biki kwafi ne da mai ɗaukar bidiyo ya yi daga nasa na asali, wanda hakan ke ƙara dusashe shi. Abin yabo shi ne ba a yi wa hoton ƙarya. Ana barinsa a siffarsa ta asali mai kusan murabba'i, ba a miƙe shi don ya cika faffaɗan allon talabijin na yanzu, abin da ke sa fuskokin mutane su baje. Sautin ma ana barinsa yadda yake, da kiɗan kalangu da guɗa da hayaniyar yara.

Farashin da na biya jaka 2 ne, wato sefa 2,000, a kan kowane kaset mai awa 3, sannan wanda ya bukaci gogewa an ƙara masa jaka 1. Wasu za su ga kamar da tsada, amma ya kamata a san cewa kaset ba ya kwafuwa da sauri kamar waƙa daga waya zuwa waya. Dole ne a kunna shi ya yi tafiyarsa daga farko zuwa ƙarshe, don haka kaset mai awa 3 yana cin awa 3 cur na injin da kwamfuta da wuta, tare da mutumin da ke sa ido ko hoton zai fara rawa. Idan aka lissafa wannan, kuɗin bai yi yawa ba.

Ɗakin baya bai fi ɗakin kwana na talaka girma ba, amma a cikinsa akwai kusan duk matakan da hoto mai motsi ya bi kafin ya iso tafin hannunmu. Abin da ke fara tare ido shi ne babbar na'urar haska fim mai faɗin milimita 35, wadda ta fi mutum tsayi idan aka haɗa da hannayen naɗi na sama da na ƙasa, kuma dattijon ya ce ya saye ta da kuɗin ƙarfe lokacin da aka rufe gidan silimar da ya yi aiki, don kada a farfasa ta a auna. Ba ta haskawa yanzu, domin fitilarta irin ta da ce mai sandunan gawayi biyu da wuta ke tsallakawa tsakaninsu, amma injin cikinta yana juyawa da hannu. Ya ɗauko guntun fim ya zura shi a gabana, ya bi da shi ta kan ƙafafu masu haƙora, ya bar ɗan lanƙwasa a sama da ƙasan tagar haske, sannan ya juya a hankali don in ga yadda kowane hoto ke tsayawa cak na ɗan lokaci kafin a fizgo na gaba, yayin da wani faranti mai fukafukai ke rufe hasken a daidai lokacin fizgar. Motsin yana kama da yadda keken ɗinki ke jan yadi taki-taki a ƙarƙashin allura, kuma an ce daga keken ɗinki ne ƴan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka samo dabarar na'urarsu, wadda suka fara nuna fim da ita ga masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895. Idan injin ya kama gudunsa, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Na sha karanta wannan adadi, amma sai da na ga haƙoran suna kama ramukan gefen fim ɗin na fahimci abin da ake nufi. Gani ya kori ji.

Ya nuna mini siririn layi mai zigzaga da ke bin gefen hotunan, wanda shi ne sautin fim ɗin, ana haska shi da ƙaramar fitila a mayar da shi murya. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa ɗakin haskawa yake da na'ura biyu. Kowane naɗi minti 20 ne ko kusa da haka, don haka fim ɗin Indiya mai awa 3 yakan zo a gwangwanaye da yawa, kuma mai haskawa yana tsaye yana jiran wani ɗan ɗigo da ke bayyana a kusurwar sama ta dama, alamar ya tada na'ura ta biyu ya kashe ta farko ba tare da ƴan kallo sun lura ba. “Idan ka yi latti da daƙiƙa biyu,” in ji shi, “ihun da za a yi maka daga ƙasa sai ka ji shi har unguwarku.” Ya yi wannan bayani ne da hannayensa a kan injin, kamar har yanzu akwai jama'a a kan benci suna jira.

Kusa da ita akwai ƙaramar na'ura ta fim mai faɗin milimita 16, irin majigin da ake yawo da shi ƙauyuka da makarantu ana nuna fina-finan wayar da kai a jikin farin ƙyalle, kuma wannan tana aiki. Akwai talabijin baƙi da fari mai akwatin katako da ƙofar zugewa, da ƙarama mai aiki da batirin mota irin wadda ake kunnawa a ƙofar gida unguwa ta taru, da Betamax guda ɗaya, da kyamarar da ake ɗorawa a kafaɗa wadda cikakken kaset ke shiga cikinta. Daga nan sai jerin na'urorin faifan VCD da DVD, waɗanda suka kori kaset a farkon shekarun 2000 kafin su ma katin waya da intanet su kore su. A bango an manna tallan fina-finan Indiya da na Sin da na Hausa. Wanda ya bi bangon da ido zai ga yadda fim ɗin bidiyo na Hausa, wanda ya fara tasowa a Kano wajen 1990, ya zo ya karɓe kasuwar da silima ta riƙe, ya mayar da kallo cikin gida inda mata ma suka samu rabonsu, abin da gidajen silima ba su ba su ba.

Kusurwar da ta fi taɓa ni ita ce mafi ƙanƙanta. Hotuna ne da aka yanko daga tsofaffin jaridu aka sa a firam: Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka fara ba da ita, da Mustafa Alasan, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015, da Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi aiki da su duka biyun, wanda ya rasu a haɗarin mota a yankin Birnin Ƙonni a 2004. Dattijon ya kuma tuna mini cewa talabijin ya shigo Nijar ne ta ƙofar aji, da shirin koyarwa ta talabijin da aka fara a 1964, tun kafin a samu tashar da jama'a ke kallo a gida. Yana damuna ƙwarai cewa matasanmu da ke ɗaukar bidiyo da waya kullum, har wasu suna cin abinci da shi, da yawansu ba su taɓa jin waɗannan sunaye ba, kuma ba su san cewa ƙasarsu tana sahun gaba a farkon silimar Afirka ba. Ba laifinsu ba ne, tun da babu inda aka nuna musu.

Duk da wannan yabo, akwai gyare-gyare da ba zan ɓoye ba, kuma na faɗa wa mai shagon su baki da baki. Babu ko takarda ɗaya a jikin kayan da ke faɗin sunan abu da shekararsa da inda ya fito. Duk ilimin yana kan mutum ɗaya, kuma ranar da ba ya nan, yaran shagon ba sa iya cewa komai face “kayan maigida ne.” Na ce masa, “Baba, ko da littafin makaranta ne, a samu yaro ya zauna ka riƙa faɗa yana rubutawa.” Ya amsa da cewa yana da niyya, amma aikin yau da kullum ba ya barinsa. Ga kuma yanayin ajiyar. Ɗakin rufin kwano ne, zafin bazara yana dukansa, ƙurar hunturu tana shiga ta ko'ina, kuma wasu gwangwanayen fim suna fitar da wari mai tsami da zarar an buɗe su, alamar fim ɗin ya fara ruɓewa. Irin wannan ruɓewa tana saurin kama na kusa da ita, amma na ga an jera masu warin tare da masu lafiya. Wasu kwalayen kuma a ƙasa suke, a garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tashe shi daga kwari zuwa tudu, kuma daminar 2024 ta sake nuna mana ɓarnar da ruwa ke iya yi. Ko ma'ajiyar fina-finan Afirka da ke Wagadugu, wadda aka kafa a 1989 kuma take da ma'aikata da gini nata, ruwan Satumba 2009 ya shige ta ya lalata kaya masu yawa. Katako kaɗan da za a ɗaga kwalayen a kai ba zai ci kuɗi ba.

A ɓangaren kwafewar ma akwai abin dubawa. Ba a ba da rasit, sai dai a manna takarda a jikin kaset a rubuta sunan mai shi, wanda hakan bai isa ba ga kayan da ba shi da madadi. Alkawarin lokaci ma ba ya cika cika, domin idan aka ɗauke wuta a tsakiyar kaset sai an sake daga farko, kuma batirin da ke shagon ba ya riƙe injin da kwamfuta tsawon lokaci. An ce mini mako guda, amma aikin ya haura haka sosai. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne sirrin iyali. Kaset ɗin biki yana ɗauke da mata a cikin gida, a wajen kamu da wankan amarya, cikin shigar da ba su yi don idon baƙi ba, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Allon da ake duba aikin yana fuskantar ƙofa, inda duk mai shigowa zai iya gani. Da na yi magana, nan take dattijon ya juya allon ya fuskanci bango, ya kuma goge kwafin da ya rage a kwamfutarsa a gabana bayan na karɓi nawa. Na gamsu da hakan, amma kamata ya yi ya zama ƙa'idar shagon ga kowa, ba sai wanda ya tambaya ba.

Wanda zai kai kaset ya tafi da filas nasa sabo mai girman gigabait 32 idan kaset ɗin suna da dama, ya rubuta lamba a jikin kowane kaset da abin da yake tsammanin yana ciki, ya kuma riƙe jerin a hannunsa. Idan ya karɓi aikin, ya kalli farko da tsakiya da ƙarshen kowane bidiyo kafin ya bar shagon, sannan ya yi kwafi na biyu ya ajiye a wani gidan, domin filas ma yana mutuwa ba tare da sanarwa ba. Kada a zubar da kaset ɗin bayan an kwafe. A mayar da zaren farko, a ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da rana da danshi da lasifika mai maganaɗisu. Wanda ya ga fararen ɗige-ɗige a nasa kada ya gwada shi a kowace na'ura kafin a goge.

Shiga ɗakin baya ba a biyan kuɗi, amma ya dace mai ziyara ya ba da wani abu don wuta da gyara, musamman idan an kunna masa majigi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi a ranakun da ba na cin kasuwa ba, kafin kwanon ya ɗau zafi kuma kafin masu kawo gyara su yi yawa. Malaman makaranta da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke son kawo ɗalibai su fara zuwa su shirya da mai shagon, su kuma raba yaran kashi-kashi, domin ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum 6 a lokaci ɗaya idan ana son kowa ya ga yadda ake zura fim a injin.